Ranar da Inna ta ƙi yabon ɗanta a gaban kamara

Na kwashe shekaru ina shirya fim a telebijin, na ɗauki sarakuna da gwamnoni, amma abin da wata tsohuwa ta yi mini a wani ƙauye kusa da Barmu, har in mutu yana cikin raina.

Lokacin ne aka ba ni shiri na farko a garin Tawa. Shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, ya ce in kaset bai yi kyau ba, in koma jan waya da riƙon mikro. Na zaɓi wani ɗan kokawa da ya kayar da kowa a karkarar nan, na tsara cewa uwarsa za ta buɗe shirin da yabonsa. Har kalmomin da za ta faɗa na rubuta, saboda rawar kai irin tawa.

Muka same ta tana dama fura a gindin zaure. Na durƙusa na gaishe ta, mai kamara ya kafa kayansa.

"Inna, ki gaya muna sunan ɗanki, da yadda kike alfahari da shi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wane ɗa?"

"Ɗan kokawar mana!"

"Ɗana, ba ka da uwa a gida? Mi ya haɗa ni da shi?"

Matan gidan suka kwashe da dariya. Ashe ɗan fari ne. Ni da aka haifa a nan ƙasar Adar, na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari balle ta yabe shi, amma boko ya sa na ɗauka kamara tana cire kunya. Na roƙa, na lallasa, na ce sau ɗaya tak. Ta ce ita ko kokawar ba ta taɓa kallo ba. Raina ya ɓaci, na ce wa mai kamara ya kashe mu tafi, aikina ya riga ya lalace.

Shi kuwa dattijo ne, ya girme ni a aikin nesa ba kusa ba. Ya yi kamar bai ji ba, ya bar kamara tana ɗauka.

Ana haka sai ga ɗan kokawar ya shigo, ƙato, ya duƙa can nesa yana gaisuwa. Inna ta juya masa baya. Sai ta ce wa ƙanwarta: "Ke, ce ma wancan shi zamna. Ƙahwar hagun nan ba ta warke ba, tun karon da suka yi ran Juma'a shina ɗingishi." Sannan ta kwashe duk man da ke saman nonon ta zuba a ƙwarya guda, ta tura ta da ƙafa wajensa, tana kallon bango.

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Wai wadda ba ta kallon kokawa!

Da wannan muka buɗe shirin, ban ƙara ko kalma ba. Shef ya kalla sau biyu, ya share ido, ya tambaye ni ina za mu ɗauka mako mai zuwa.

Tun ranar na daina sa wa mutane magana a baki. Ina kafa kamara, in yi shiru, in bar su su so nasu yadda suka iya.