Wasiƙar Kawu Sidi da Aduwarmu

Ranar Talatar da Inna ta fita takaba, ina 'yar shekara tara, na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na tarar da magina sun ja igiya a tsakar gidanmu. Aduwarmu ta faɗa wancan gefen igiyar. A gindinta muke ɗaure awaki, can nake tsintar 'ya'yanta kafin in yi shara, can muke carafke da ƙawayena har a kira mu wanke-wanke.

Maƙwabcinmu ne ya yi ƙarar Baba, ya ce wani ɓangaren filin gidanmu na kakansa ne, alƙali kuma ya ba shi. Baba ya rantse zai ɗaukaka ƙara, sai ajali ya riga shi, kwana tara bayan hukuncin. Inna ba halin fita, sai yayanta Kawu Sidi ya gyara tabarau ya ce, "Ke dai yi ta addu'a, ki bar mini su." Shi ne mai faransancin danginmu, ko akuya zai kora sai ya haɗa da shi. Ya cika shafi uku da wasiƙar ɗaukaka ƙara, ya yi ta karanta wa abokan shayinsa suna jinjina kai, ko kalma ɗaya ba su ji. Da Inna ta aika ya hanzarta, cewa ya yi, "Shari'a kafin sadakar arba'in? Mu da kunyarmu!"

Bayan arba'in ɗin ma bai je ofishin magatakarda inda ake shigar da takarda ba, wai wannan layin talakawa ne. Gidan alƙali ya nufa, da buhun albasar Tabelot. Maigadi ya karɓi albasa, ya miƙo masa wasiƙarsa. Ko da ya kai ta inda ya dace, wa'adi ya daɗe da wucewa. Amsar layi biyu ce: an kori ƙarar, ta zo a makare. Ba wanda ya tambayi na wa ne filin.

Ranar da aka ja igiyar, Inna ta kwance awakinta da hannunta, ba ta yi kuka ba. Ni na yi, kuma tun ranar na raina Kawu, rainin da har yau bai sake ni ba. Ya tsufa yanzu, yana nan yana cika baki cewa ba a samu kuskure ko ɗaya a wasiƙarsa ba. Ina za a samu, tunda ba a karanta ba?

Aduwar tana nan bayan katanga, reshe ɗaya ya leƙo gefenmu. Abin da ya zubo daga shi 'yata take tsinta, tana ce masa aduwar maƙwabta.