Fangalin da Ake Wa Alwala

Ko zan manta da ranar da na sauka New York, ba na jin zan manta da Litinin ɗin nan ta farkon Yuni da Madam ta tsayar da ni a gaban fangalin kolombain. Madam ita ce shugabar masu lambu a rukunin gidajen da nake aiki a Bronx, dattijuwa 'yar Jamaika, mai magana kamar ana sayar mata da kalmomi. Ni kuwa ina wata na biyar cikin shidan gwaji. A ƙa'idar wurin, wanda ya ci gwaji a ba shi koriyar riga da almakashinsa, wanda ya faɗi a mayar da shi sashen bola a ƙarƙashin gini. Daga can na fito, na san warinsa.

Kolombain wata shuka ce mai ganye kamar na zogalen da ya ƙoshi, furenta a sunkuye kamar wanda aka kama da ƙarya. Namu fangalin yana bayan gini, kusa da wata 'yar ƙofa mai fita titi.

Madam ta ɗaga ganye ɗaya da bakin biro. "Bulus, ka ce ka karanta aikin gona. Mene ne wannan?"

Shekara bakwai digirina yana cikin akwati yana jiran wannan tambaya. Na gyara murya. Na ce in farin zane ne mai lanƙwasa, tsutsa ce a cikin ganyen. In fari ne kamar an barbaɗa gari, wata cuta ce daban. Amma wannan ɗigo-ɗigo mai ruwan ƙasa dangin funfuna ce, kuma ba ta da masauki sai ganyen da ya kwana a jiƙe.

"To, kada ya kwana a jiƙe," in ji ta. "Ƙarshen wata zan dawo."

Na bi littafi layi-layi. Na yanke duk ganyen da ya kamu na ƙulle a leda, ban zuba cikin taki ba. Na rage cunkoso don iska ta ratsa. Na riƙa goge almakashi tsakanin shuka da shuka. Ban-ruwa kuwa sai da sassafe, tiyo a gindi, ko ɗigo ba ya taɓa ganye. Bayan kwana goma, ba a yi ruwan sama ko sau ɗaya ba, ga sababbin tabo sun fito har da 'ya'yansu. Na zargi raɓa, na zargi karnukan unguwa, daga ƙarshe na fara zargin jami'ar da ta yaye ni.

Ƙarfe uku muke tashi aiki. Ran nan na ƙi tafiya, na laɓe bayan baro da jarida a hannu. Wajen biyar sai 'yar ƙofar nan ta buɗe, dattawa uku suka shigo, kowa da butarsa. Na gabansu Alhaji Mamman ne, mutumin Maraɗi mai teburin huluna da tabarau a bakin titi, wanda kullum muke gaisawa. Suka naɗe hannun riga, suka jeru a gefen fangalin, kowa ya miƙa ƙafa bisa kan furena.

Na fito. "Baba Alhaji, barka da la'asar."

"A'a, Malam Bulus! Ga mai gonar da kansa. Ka ga yadda muke kula maka da ita? La'asar, magariba, lisha, ba fashi. Azahar ce kaɗai ba mu zuwa, kana nan, ba mu son ɗora maka nauyin godiya."

Na ce, "Baba, ai ruwan ne ke kashe ta."

Malam Isuhu, mai sayar da turare, ya dube ni sama da ƙasa. "Ruwa? Ya kashe shuka? Alhaji, wannan ne ka ce ya yi jami'a?"

"Ɗana," in ji Alhaji cikin tausayi, "abin da kake cewa ya yi yawa, mu a garinmu sai an fita fili an roƙa."

Na ce ko za su riƙa yi a kan siminti?

"A bar ruwa ya bi kwata a banza, ga mai rai yana kallo? Kai, ji tsoron Allah," in ji Alhaji.

A nan littafi ya ƙare. Ni Kirista ne, kuma ba wanda bai haife ni ba a cikinsu. Da wane baki zan ce wa dattawa su ɗauke alwalarsu? Ga kuma sashen bola yana yi mini murmushi daga ƙasa.

Washegari na samo rabin ganga, na cika da ƙasa, na dasa na'a-na'a, wadda ko kogi ka juye mata sai ta ce ƙaro. Na ajiye ta daf da ƙofar, da benci a gefe. Da suka zo na ce, "Baba, ga marainiya nan, ba ta da kowa sai ku. Waccan ta Turawa ce, ba ta san alheri ba."

Malam Isuhu ya gyaɗa kai. "Dama na ga alama."

Tunda furen ya riga ya zube, na aske kolombain ɗin har ƙasa. Kafin ƙarshen wata ta tofo sabon ganye, ƙanana amma tas. Madam ta duba, ta ce "Hm," wanda a bakinta daidai yake da kirari. Ta nuna gangar. "Wannan fa?"

"Rigakafi ne, Madam."

Ta rubuta a takardarta. Ran Juma'a aka ba ni riga.

Don godiya na tsinko dami guda na na'a-na'a na kai wa Alhaji ya sa a shayi. Ya ja da baya. "Wadda muke wanke ƙafa a kanta? Haba Malam Bulus. Kai wa Madam."

Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku riƙe wannan. Sunan cuta yana cikin littafi, amma littafi bai san abin da ke faruwa bayan an tashi aiki ba. In ganye ya yi tabo, kada ku ɓata lokaci wajen neman maƙiyinsa. Ku fara tambaya wa ke ƙaunarsa, kuma sau nawa a rana.