Jitar Ƙanen Mai Gam

Shagona na ɗinki da shagon Mai Gam bango ɗaya ne ya raba su, bangon ma na falanki, don haka ko tari ya yi ina ji. Kafinta ne, amma ba ya ƙera sabon abu. Abin da ya karye ake kawo masa, kujera mai gurguwar ƙafa, ƙofar kabad da ta ɓalle, wani lokaci har abin kiɗa. Gashin kansa ya yi fari tun da wuri, rabi furfura rabi garin katako.

Mutum ne marar surutu, sai dai yana da taƙama ɗaya da ta ishe mu. In ya gama gyara sai ya ajiye abin a gaban mai shi, ya harɗe hannu ya ce, "Nemo min inda ya karye." Mutum ya juya ya juya ya rasa. Sai ya yi ɗan murmushin nan nasa mai ban haushi ya ce, "Kamar ba a taɓa ba." Na sha ce masa wata rana zai gyara wa wani kujera har mai ita ya rantse ba tasa ba ce.

Ƙanensa kuwa shi ne ya kwashe surutun gidansu gaba ɗaya. Makaɗin jita ne, kowa Ɗan Jita yake ce masa. Mai Gam ne ya yi masa ta farko suna yara, da gwangwanin mai da wayar birkin keke, shi kuwa har ya girma bai daina tsokanar yayan ba. Yakan leƙo shagon ya ce, "Yaya, har yanzu kana liƙe-liƙen?" Mai Gam ya ɗaga guduma kamar zai jefe shi, alhali duk wunin ranar da fara'a yake aiki.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke Ɗan Jita. Yana zaune a tsakar gida yana kiɗa ya kife a kan jitar, wuyanta ya bugi dakali ya tsage. Mai Gam bai yi kuka a gaban mutane ba, amma na daina jin ko tarinsa.

Da aka kwana biyu matar marigayin ta kawo jitar a naɗe cikin zanin gado. Ta tsaya a shagona tana jiran Mai Gam ya dawo daga masallaci. A nan na lura da yadda take riƙe da ita. A bayan wuyan, kusa da tsagar, akwai wani ɗan kwarmi baƙi mai santsi, inda babban yatsan mijinta ya cinye katakon a tsawon shekarun kiɗa. Nata yatsan na cikin kwarmin, tana shafawa a hankali.

"Nan ne kawai nake jin hannunsa," ta ce da ni. "In na riƙe sai in ji kamar fita ya yi zai dawo."

Da Mai Gam ya iso ba ta maimaita wannan ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ka haɗa min ita." Shi kuma idonsa na kan tsagar, bai ga komai ba sai ita.

Ban taɓa ganin ya yi aiki irin wannan ba. Ya sassauta tsirkiyoyin ya cire su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗan buɗa tsagar da bakin wuƙa, ya tura gam da sirinji har ya fito ta ɗaya gefen, ya goge da ɗanyen tsumma. Ya yanka tsohuwar robar tayar keke ya naɗe wuyan tam, ya kwantar da ita a kan benci, ya hana kowa matsawa kusa. Aikin mutane ya taru, bai kalla ba. Da safe in ya buɗe shago jitar yake fara dubawa, kamar mai jinya.

Ranar da ya kwance robar na tafi sayen yadi. Ina dawowa na ji ƙarar sanfefa, takardar goge katako, ta bayan falanki, na ajiye yadin na fito da sauri. Kafin in zagaya ya riga ya goge wuyan tun daga sama har ƙasa, fari fes, yana shirin shafa man sheƙi. Baƙin kwarmin nan ya ɓace. Katakon da ya zama gari ba ya komawa, fuskarsa kuma a ranar ce ta fara sakewa.

Da matar ta zo ya ajiye mata jitar a kan benci tana ƙyalli. Ya harɗe hannu ya ce, "Ƙanwata, nemo min inda ya karye."

Ba ta duba ba. Ta ɗauka ta kai yatsanta bayan wuyan. Ta yi sama da shi, ta yi ƙasa, ta sake yin sama. Mai Gam yana kallon yatsan yana yawo, har na ga lokacin da ya gane abin da take nema. Hannuwansa suka sauka.

"Ta yi kyau, Yaya," ta ce a hankali. "Kamar bai taɓa riƙe ta ba."

Ta naɗe ta a zanin gadon, ta yi godiya ta tafi. Shi kuwa ya durƙusa gaban bencin yana tattara garin katakon da ke ƙasa da tafin hannu, alhali tun jiya ya share shagon, wannan na wata kujera ne. Ban iya gaya masa ba, na koma shagona na zauna ina hawaye.

Har yau yana gyara, kuma gam ɗinsa bai taɓa saki ba. Amma in ka kai masa kujera, da tabonta zai dawo maka da ita, kuma bai ƙara ce wa kowa ya nemo inda ya karye ba.