Akwatin da Garba Ya Tsamo

Ban taɓa mantawa da ranar da na kai akwatunan ƙuri'a daga Lolo ba, a zaɓen da aka yi gab da samun 'yancin kai. Lokacin ina malamin elemantare, aka naɗa ni shugaban rumfar zaɓe.

Ku yaran yanzu ba ku ga tsarin ba. Kowace jam'iyya da akwatinta, ga alamarta manne a jiki, a bayan zana. Mutum ya shiga shi kaɗai, ya jefa takardarsa inda ya ga dama. Maza ne kawai ke jefawa. Jam'iyyu biyu muke da su: babba, wadda sarakai ke ciki, da ƙarama ta masu adawa. An zo har daga tungayen bakin iyakar Dahome, wasu sai da aka yi musu tafinta da Dandanci.

Da aka gama, na ɗaure akwatunan na buga hatimi a gaban wakilai. Washegari da safe sai ga matsala. Kogin Kwara ya cika, fadama ta shanye hanyar Bagudo, inda za a ƙirga ƙuri'un, dole sai jirgin ruwa. Matuƙin da ya san wurin kuwa Garba ne, ɗan ƙaramar jam'iyya, wanda ya yi wata uku a gidan yari saboda taron siyasa babu izini.

Wakilin hakimi ya ja ni gefe. "Malam, kada ka shiga jirgin mutumen ga. Tsakiyar ruwa za shi kai akwatinmu shi kifar."

Na ce, "Ranka shi daɗe, umarni a kai su yau."

Muka shiga, ni da ɗan doka guda. Muna tsakiya jirgin ya daki kututture, ya karkata. Akwatin babbar jam'iyya, wanda ya fi nauyi, ya sulale cikin ruwa. Na san ba wanda zai yarda hatsari ne. Ni da Garba ɗauri ke jiranmu, garin kuma zai kama da wuta.

Garba ya miƙa wa ɗan doka sandar tuƙi, ya faɗa ruwa. Sau biyu yana tasowa hannu wofi. A na uku ya daɗe har na fara salati, sannan ya ɓullo rungume da akwatin, goshinsa na jini, hatimi bai karye ba.

Da muka kai gaci na ce, "Garba, akwatin waɗanda suka ɗaure ka ne fa."

Ya matse rigarsa ya ce, "Malam, waɗanda sunka jefa ciki maƙwabtana na, har da yayana. In na bar nasu ya nutse yau, gobe wa za shi tsamo nawa?"

Aka shanya takardun a rana, aka ƙirga, jam'iyyarsa ta faɗi.

Na yi aikin zaɓe sau da yawa bayan nan. Kullum ina gaya wa na ƙasa da ni cewa akwati amanar mutane ce, ba ta jam'iyya ba. A bakin matuƙin jirgi na koya, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba.