A Ba Shi Ko A Ba Ta

Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwar mahaifiyata, Ya Falmata ta unguwar Abbaganaram, Allah Ya jiƙanta. Ba ta bar gida ko gona ba. Mayafi guda ta bari, kuma shi kaɗai ya kusa raba 'ya'yanta biyu.

Tun tana amarya, duk bikin da aka yi anko a dangi sai ta yanki ƙyalle kamar tafin hannu ta adana. Wanda ya kuɓuce mata kuwa sai ta bi sawunsa har Kasuwar Litinin, shagon Madam Ngozi mai atamfa, wadda kan ce, "Mama, ke kaɗai ke sayen zane da inci." Sannan ta zauna ta harhaɗa su da allura. Ba bisa launi take jerawa ba, bisa zaman mutane ne. Masu shiri da juna kusa da kusa. Waɗanda ba sa gaisawa ta raba su da baƙin yadi. In sun sasanta, ta warware ta sake ɗinki. Na shekara talatin ina koyar da Hausa, ban ga tarihin dangi da aka rubuta da gaskiya haka ba.

Hausarta kuwa ta Barebari ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta. Tana ciwon ajali, ɗanta Modu da 'yarta Yagana na zaune, ta ce, "Mayafin nan, a ba shi." Ba ta nuna kowa ba.

Bayan addu'ar arba'in Modu ya ce magana ai a fili take. Yagana ta ce, "Haba Yaya! Matar da tun haihuwata take cewa 'Yagana ya dawo'? Ni ce shi ɗin!" Wani kawunmu ya kawo shawarar almakashi. Aka juyo kaina, wai ga malamin nahawu. Na ce nahawun da na karanta bai iso Abbaganaram ba, amma mai yanka ya fara nuna mana auren wa almakashin zai ratsa. Modu ya shimfiɗa mayafin, ya bi tsakiyarsa da yatsa, ya tarar da ankon aurensa ɗinke da na Yagana, ba baƙin yadi tsakani. Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce a mayar da almakashin.

Tun daga ranar mayafin ya zama ɗan yawo. Gidan da ke da biki shi ke karɓa, ya ƙara ƙyallensa. Da Ya Falmata za ta ga yadda jikokinta ke zaɓen anko ta waya, ba shafawa ba shinshinawa, da ta yi tsaki. Da kuma ta ce a yanko mata kaɗan.

Yanzu ya yi girman da sai mutum huɗu ke naɗe shi. Na lura ba a iya wannan aiki cikin fushi. Ko kun wuni ba ku yi magana ba, dole ka tako har gaban mai riƙe da ɗaya gefen, ka miƙa masa naka hannu da hannu.