Ciwon Sukarin Auta

Auta tana aji biyar na firamare muka fara lura da kiyashi. Duk inda ta yi fitsari a banɗakin gidanmu na Unguwar Dosa, in ba a kora da ruwa ba, sai ka ga sun yi baƙi a wurin. Ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga ci, amma kullum sai ƙara ramewa take, har Umma ta rage wa siket ɗinta na makaranta ƙugu. Ni ce babba a ɗakinmu, ita ce ƙarama. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida Abba yana ofis, ni na goya ta zuwa bakin titi.

Likita ya ce ciwon sukari ne, irin wanda ke kama yara, kuma allurar insulin za ta riƙa yi iya rayuwarta. Ya yi dogon bayani, amma daga "iya rayuwarta" Umma ba ta sake jin komai ba.

A lokacin Umma na yin alawar madara, har gida ake zuwa sari. Wata maƙwabciyarmu ta shigo dubiya, tana gyara mayafi ta ce, "Ai dole, yarinya ta tashi a bakin tukunyar sukari." Na san ba da mugunta ta faɗa ba. Washegari Umma ta wanke tukunyar ta kife a bayan kicin, ba ta ƙara ɗora ta a wuta ba.

Haka muka koyi zama da ciwon. In an ɗauke wuta ya daɗe, sai mu ƙulle kwalbar maganin a leda mu saka cikin randa. Da azumi Auta takan shige ƙuryar ɗaki ta ci abinci a ɓoye, don kada yaran layi su kira ta mai gandar azumi. Cinyoyinta duk tabon allura. Amma kanta na ja, ita ce kullum ta ɗaya, har ta tafi jami'a a Zariya ta karanci kimiyyar sinadaran jiki, ta zarce digiri na biyu a kan ciwon nata.

Wani hutu muna zaune mu uku muna tsinkar zogale, Umma ta ce, "Wai ke me kike ta nema a cikin jinin mutane ne?"

Auta ta yi dariya. "Umma, kowa yana da sojoji a jikinsa masu yaƙi da cuta. Nawa ne suka rikice, suka far wa wurin da ke yin insulin, sun ɗauka baƙo ne."

"To wa ya rikita su?"

"Shi muke nema. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a cikin ƙwayoyin jiki, maikuro-RNA ake ce musu. Aikinsu su tare wasu saƙonnin da jiki ke aikawa, su ce wannan ya isa haka. In suka yi yawa ko suka yi kaɗan, ana zaton suna da hannu a rikicin. Kuma suna fitowa cikin jini. Wataƙila wata rana a gane yaro zai kamu tun bai fara ramewa ba."

Umma ta daɗe tana juya reshen zogale a hannunta. Can ta ce a hankali, "Ba alawa ba ce ke nan?"

Auta ta ajiye faranti, ta kalle ni. Duk shekarun nan ba ta san abin da maƙwabciyar ta faɗa ba, ni kuma na ɗauka Umma ta manta.

"Wallahi Umma, ko ban taɓa lasar sukari ba, da sai ya zo. Ba ke ba ce."

Umma ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Muna jin kukanta, ba wanda ya bi ta.

Bayan damina biyu ƙafafun Auta suka fara kumbura, ganinta ya soma dushewa. Aka ce ƙodarta ce. Ta dawo gida, muka shiga zaryar wankin ƙoda. In na taso daga aiki sai ta miƙo min wayarta ta ce, "Yaya, karanta min wannan." Ina karanto mata sababbin binciken da ake yi, ina tuntuɓe da kalmomin, tana gyara min tana dariya har tari ya sarƙe ta. Wani lokaci sai ta ce in tsaya, ta rufe ido, ta ce, "Kin ga, sun kusa. Da a ce ina can."

Ba ta koma ba. Ta rasu wata Alhamis da hantsi, kanta a kan cinyar Umma.

Bayan an share makoki, Umma ta buɗe firji ta tarar da sauran kwalaben insulin da ba a fasa ba. Ta jera su a cikin kula, ta zuba ƙanƙara, ta ce in kai asibiti, akwai yaran da iyayensu ba su da hali. Nas ɗin da na samu ta san Auta. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Da na fito na tari keke napep. Wajen Kawo kuka ya ƙwace min, wanda ban yi ba tun ranar jana'iza. Direban, wani dattijo mai hausar Katsinawa, ya leƙo ni ta madubi, ya kashe rediyonsa. Bai tambaye ni komai ba har ya sauke ni a ƙofar gida.