Yayen Ƙaraminmu a Gidan Inna

Lokacin da cikin na huɗu ya shiga, ƙaraminmu bai bar nono ba. Shekararsa ɗaya da rabi. Muna zaune a Gwandu, ɗaki biyu na haya, ni kuma birkila ne, aikin ginin da nake yi yana Kalgo. In tafi Litinin da safe, in dawo Asabar da yamma da siminti a kunnena. Ba a ma yanke Kebbi daga Sakkwato ba a lokacin.

Mu mutanen wajen Zuru ne, Kiristoci, kuma a unguwarmu mu kaɗai ne. Ran Lahadi mukan taru a falon wani malamin makaranta, ba mu fi gida shida ba, mu yi sujada mu watse. Sau ɗaya a wata matata takan bi mota zuwa Kalgo don taron zumuntar mata, yaro ɗaya a baya, biyu a hannu. Sauran kwanaki tana gida da yara uku: babbar mai shekara shida, mai bi mata ɗan shekara huɗu, sai ƙaramin. Abin da suke yi daga safe zuwa yamma ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. In na dawo akan kawo mini tuwona ƙofar gida, in ci a kan tabarma tare da maƙwabta. Haka na ga ubana yana yi.

A wancan zamani kowa ya yarda nonon mai ciki yana lalata yaro, ya sa shi zawo ya rame. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, har yau ban sani ba, amma matata ta yarda, ni ma na yarda. Dole a yaye shi da wuri. Manyan biyun a ƙauye aka yaye su wurin surukata, to ita ta rasu a bara waccan. Uwata kuma ta daɗe da rasuwa.

Matata ta fara gwadawa da kanta. Ta jiƙa sassaƙen maɗaci ta shafa a nono. Yaron ya kama, ya yamutsa fuska, ya ja bakin zaninta ya goge wurin, ya ci gaba da sha. Ta kwana uku tana fama. Yana shan kunu, yana cin tuwo, amma muddin yana ganinta ba ya haƙura.

Akwai wata tsohuwa a bayan kasuwa, ungozoma, duk unguwa Inna ake ce mata. Ita ta yanke wa yaron cibi, ita ta yi wa matata wankan jego kwana arba'in. Da labari ya kai mata, ta zo har gida ranar wata Asabar ina nan.

"Ɗiyata, mi ya hana ki kawo min shi? Ni na wanke shi randa yaz zo duniya. Ko kin ga ban isa kaka ba?"

Matata ta yi godiya, ta ce za ta yi shawara da maigida. Da Inna ta fita na ce mata shawarar me kuma, ga mafita ta zo har ɗaki.

"Rubutu za ta ba shi," in ji ta.

A can, in an kai yaro yaye, akan karɓo rubutun dangana wurin malam, a wanke allon a ba shi ya sha don ya manta da nono. Duk jikokin Inna sun sha.

Na ce, "To sai me? Ruwa ne da tawada."

"A wurinka ke nan. Ita ba ruwa da tawada ta ɗauke shi ba. Ni ma haka."

"Bari in je in gaya mata kada ta ba shi."

"Da wannan bakin naka? Matar da ta yi kwana arba'in tana dafa mini ruwa? Zauna."

Ta kai maganar wurin zumuntar mata a Kalgo, ta dawo da ciwon kai. Wasu sun ce kada ta kuskura, wasu sun ce su ma maƙwabta ne suka yaye musu yara, ga su nan suna waƙa a coci. Matar fasto ta ce ta yi addu'a. Matata ta ce ai ta yi. A ƙarshe ta ɗaura ɗankwali ta tafi gidan Inna da kanta, ta ce in raka ta amma in yi shiru.

Ta yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa a kan gaisuwa, har Inna ta gaji.

"Maganar rubutu ta, ko? Tun kina ƙofa na gani a huskarki. Ba ni ba ɗan mutane abin da uwarsa ba ta so. Amma in yaƙ ƙi dangana, kada ki ce ban gaya miki ba. Kuma kwana bakwai kada in ga ƙafarki a layin nan. Ko muryarki kada ya ji."

Asabar da ta biyo, da la'asar, na saɓa shi a kafaɗa da ƙullin kayansa na kai shi. Matata ta shige ɗaki kafin mu fita.

Ran Lahadi bayan sujada na leƙa. Inna ta ce ruwa kawai ya sha. Ta dama kunun gyaɗa ya ƙi, ta sayi nonon shanu wurin Fulani ta dama fura ya ƙi. Ta ce wannan ba komai ba ne, ranar farko duk haka suke. Da na koma gida matata na tsaye a bakin ƙofa, gaban rigarta ya jiƙe.

"Yana ci?"

"Yana ci," na ce. Na ga in na faɗi gaskiya za ta ruga can, aiki ya lalace.

Litinin ban tafi Kalgo ba. Na aika wa shugaban aikinmu cewa ina da uzuri, na koma gidan Inna da hantsi. Wannan karon ba ta yi mini dariya ba.

"Birkila, zauna ka gani da idonka. Na yaye yara sun fi a ƙirga, ban taɓa ganin irin wanga ba."

Ta zaunar da shi a tabarma, ta ajiye ƙoƙon kunu a gabansa. Ya dubi kunun, har miyau ya zubo masa. Sai ya runtse ido gam, ya miƙa hannuwansa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya tsaya cik. Can ya buɗe ido ɗaya, ya dube ni, ya dubi Inna, ya sake rufewa. Inna ta kai ludayi bakinsa, ya kau da kai ya fashe da kuka. Na ɗauke shi, a zatona ɗauka yake so, ya ƙara sandarewa yana nuna tabarmar.

Na tsaya ina kallon ikon Allah. Yaro yana jin yunwa, abinci na gabansa, yana so, ba ya ci. Me yake jira? Inna ta ce ko wani abu yake gani da mu ba mu gani. Ni kuma na ce ciwon ido ne, don ana yinsa a gari lokacin. Na je kemis na sayo maganin ɗigawa, muka danne yaro muka ɗiga masa. Idonsa ƙalau yake, fari tas. Da azahar aka sake gwadawa, ya sake yin yadda ya yi.

Da la'asar wuyansa ya fara laushi, kukan ma ba ƙarfi. Inna ta kira ni gefe.

"Na riƙe alkawari, ban ba shi komi ba. Amma ba ni zama ina kallon yaro yana narkewa a hannuna. Gobe da sahe, ko ta bar ni in yi abin da na sani, ko ka ɗauke shi ka mai da mata. Ka tahi ka gaya mata gaskiya, don na san ba ka gaya mata ba."

Na tarar da matata tana tankaɗe a tsakar gida, manyan biyun suna wasa da gwangwani kusa da ita. Na faɗa mata duka, har ƙaryar jiya. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo ke nan. Ta ajiye rariya ta ce, "Kwana biyu?" Sai ta fara neman mayafinta.

Na tare ƙofa. Na ce in ta je ya gan ta, an koma farko. Ta ce to in gaya mata daidai abin da yake yi. Na gaya mata, ta ce ba ta gane ba, in nuna.

Haka na tsuguna a tsakar gida, ƙato da ni, na runtse ido na miƙa hannuwa biyu. Ban ankara ba na ji ƙananan hannuwa sun kama ni, babbar a dama, ƙanenta a hagu. Na buɗe ido. Duk sun rufe nasu, sun sunkuyar da kai.

Ɗan shekara huɗun ya ce, "Mama, ina abincin?"

Matata ta zauna a kan turmi. Ta rufe baki da hannu, ban san dariya take ko kuka ba.

"Addu'a yake jira," in ji ta. "Baban yara, addu'a yake jira. Ba a taɓa sa masa abinci a baki ba sai an yi."

Ashe tun babbar tana ƙarama haka suke yi, sau uku a rana. Su zauna su kewaye kwano, su riƙe hannu, ta yi addu'a, kowa ya ce amin, sannan a sa hannu. Wanda ya riga amin sai a janye masa kwano. Ƙaramin tun yana kan cinya ake kama hannunsa. Shekara shida ana wannan a gidana, ni ina ƙofar gida.

Na ce to ta aika babbar. Ta ce in ya ga yayarsa zai nemi biyo ta gida. Ni ne ya saba gani ina zuwa ina tafiya.

"Me zan ce?"

"Kai da aka yi wa baftisma tun ban san hanyar coci ba?"

"Ki dai gaya mini."

Ta ce sai na faɗa yadda take faɗa, don ya san inda ake tsayawa. Ba ta da tsawo. A gode wa Uba don abinci. A roƙa wa masu jin yunwa. A ambaci yaran ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke ciki. Sai a ce, ka tsare Baba a Kalgo kada ya faɗo daga kan gini. Sai cikin sunan Yesu.

Na ce, "Wannan ta ginin kullum kuke faɗa?"

Babbar ce ta amsa. "Har ran Lahadi da kake nan. Mama ta ce in an cire, ƙaramin zai rikice."

Na maimaita sau uku, suna gyara mini. Na kama hanya rana ba ta faɗi ba.

Na yi wa Inna bayani a tsaye.

"Wato ɗan mitsitsin ga, ladabi ya hana shi ci? Mu kuma muna ta zuba mai magani a ido." Ta girgiza kai. "To yi abinka. Ni ina daga nan."

Ta ɗumama kunun. Na zaunar da shi, na zauna kusa. Ya runtse ido ya miƙa hannu, na kama na dama. Na fara. Ban kai rabi ba ya buɗe ido yana kallon hannunsa na hagu da ke rataye a iska, yana buɗe yatsu yana rufewa. Na kama duka biyun, ya fizge ɗaya ya sake miƙa shi gefe. A gida mutum biyu ne ke riƙe shi, kowa da nasa ɓangaren.

Na dubi Inna. Ta dubi hannun.

"Ba ni cewa komi," in ji ta. "Hannu dai na riƙe wa jikana."

Ta ja kujerarta ta tsuguno, ta kama. Na sake daga farko. Muryata ta yi mini wani iri, kamar ta wani. Na manta masu jin yunwa, na koma na ɗauko su. Da na zo kan Baba a Kalgo na ji kunya, amma na faɗa. Na ce cikin sunan Yesu, na yi shiru.

"Ami," in ji shi.

Ya saki hannuwanmu ya rungumo ƙoƙon da kansa. Inna ta tallafe masa gindin ƙoƙon, na ji tana bisimilla a hankali, nata ita kaɗai. Ya sha har yana shaƙewa, ta janye ta ce a bi a sannu, cikin ya kwana biyu ba komai. Ya huta ya ƙara. Bayan nan ya ci lomar tuwo biyu, ya yi barci da ludayi a hannu.

Satin nan ban ga Kalgo ba. Safe, rana, yamma ina hanyar bayan kasuwa, har masu shago suka fara tambayata ko na koma aikin ungozoma. A rana ta biyar na makara da safe, na tarar ya riga ya ci. Inna ta ce ita da wata jikarta suka riƙe masa hannu suka yi shiru, ya jira iya jiransa, ya ce amin ɗinsa da kansa, ya ja kwano.

Ranar da kwana bakwai suka cika, Inna ta yi masa wanka ta goyo shi har gida. Matata ta sa riga mai wuya ta zauna a bakin ɗaki. Aka sauke shi. Ya tsaya yana kallonta kamar yana tuna inda ya san ta, sannan ya je ya hau cinyarta, ya kwantar da kai a ƙirjinta. Duk muna jiran mu ga ko zai kai hannu.

Ya ɗan jima a haka. Sai ya ɗago ya nuna tukunyar da ke kan murhu, ya ce kunu.